KUMBURIN JIJIYAR JINI A ƘWAƘWALWA DA YADDA AKE MAGANINSA BA TARE DA BUƊE ƘOƘON KAI BA

Gabatarwa

A birane da ƙauyukan ƙasar nan akan ji labarin mutumin da ya wayi gari lafiya lau, yana cikin harkokinsa sai ya dafe kai ya yi ƙara, kafin a ankara ya faɗi. Waɗansu sukan ce iska ce ta buge shi, waɗansu su ce jifa ne, waɗansu kuwa su ce sanƙarau. Alhali da dama daga cikin irin waɗannan mutane abin da ya same su shi ne fashewar wata jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, cuta ce kuwa wadda likitoci suka sani, suna kuma da maganinta.

Abin baƙin ciki shi ne, da zarar an ambaci yin aiki a kai, dangin majiyyaci sukan ja da baya, suna cewa wanda aka fasa wa ƙoƙon kai ba ya komawa daidai. Nufin wannan ɗan littafi shi ne ya bayyana wa jama'a ko mece ce wannan cuta, da alamominta, da kuma hanyar da ake bi a yau a toshe kumburin ta cikin jijiya ba tare da an taɓa ƙashin kai ba. Amma tun da farko ya kamata mai karatu ya riƙe abu guda: wannan hanya tana amfanar wanda aka kai asibiti da wuri ne kaɗai.

Mene ne wannan kumburi?

Jijiyoyin da ake magana a kansu a nan su ne jijiyoyin jini, watau magudanan da ke ɗauke da jini daga zuciya zuwa sassan jiki. Guda huɗu ne manya suke kai jini ƙwaƙwalwa, biyu ta gaban wuya, biyu ta bayansa. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa sukan haɗu su yi zobe, daga nan rassa su watsu. Wani likitan Ingila mai suna Thomas Willis ya yi bayanin wannan zobe a shekarar 1664, har yau kuwa da sunansa ake kiransa.

Duk mai keke ya san yadda tsohuwar taya takan yi ƙululu a wurin da ta raunana, in aka ci gaba da hawa wata rana ta fashe a daidai nan. Haka jijiyar jini take. Inda bangonta ya yi rauni, musamman a mararraba inda ta rabu biyu, bugun jini yakan yi ta tura bangon shekara da shekaru har ya fito kamar 'yar jaka. Wannan jaka ita ce likitoci ke kira anurizim. Tana da wuya, watau ƙofar da ta haɗa ta da jijiya, tana kuma da ciki. Yawancinsu ƙanana ne, daga girman ƙwayar dawa zuwa na ƙwayar gyaɗa, amma akan sami wadda ta wuce milimita 25, ta kai girman goro.

Binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa wajen mutum 3 cikin kowane baligi 100 suna ɗauke da irin wannan kumburi. Mafi yawansu ba su sani ba, kuma har ƙarshen rayuwarsu ba zai fashe ba. Sai dai in ya fashe, jini yakan kwarara cikin sararin da ke kewaye da ƙwaƙwalwa, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku na waɗanda abin ya shafa sukan rasu, waɗansu tun kafin su isa asibiti.

Waɗanda ya fi kamawa

An fi ganin fashewar kumburin a tsakanin masu shekara 40 zuwa 60, kuma ya fi yawa ga mata. Abubuwan da ke raunana bangon jijiya su ne hawan jini, da shan taba, da yawan shan giya, da miyagun ƙwayoyi irin su hodar iblis. Akwai kuma gado: mutumin da biyu ko fiye daga cikin iyayensa, ko 'yan'uwansa na ciki ɗaya, ko 'ya'yansa suka yi wannan cuta, ya kamata ya shaida wa likita. Haka nan masu wata cutar ƙoda ta gado wadda ke sa ƙoda ta yi ƙulle-ƙulle masu ruwa, da masu amosanin jini, watau sikila, wadda ta yi yawa a Nijeriya. Mai sikila yakan iya samun kumburi fiye da ɗaya, kuma tun yana da sauran ƙuruciya.

Alamomin fashewa

Babbar alama ita ce ciwon kai mai tsanani wanda ke saukowa farat ɗaya kamar tsawa, ya kai matuƙa cikin minti guda. Waɗanda suka rayu sukan ce kamar an maka musu taɓarya a ƙeya, kuma ba su taɓa jin irinsa ba tun da aka haife su. Sau da yawa amai yakan biyo baya, da sanƙarewar wuya, da ƙin haske, da ruɗewa, ko jijjiga, ko suma.

A nan ne ake yawan yin kuskure, domin sanƙarau ma yana kawo ciwon kai da sanƙarewar wuya, musamman a arewacin ƙasar nan lokacin zafi, zazzaɓin cizon sauro kuma yana kawo ciwon kai da amai. Bambancin yana ga yadda ciwon ya faro. Sanƙarau da zazzaɓin sauro sukan taso cikin sa'o'i ko kwanaki tare da zafin jiki, shi kuwa ciwon fashewar jijiya nan take yake sauka a kan mutumin da yake lafiya. Ko ma wanne ne, asibiti ne ke rarrabewa.

Wani lokaci jijiyar takan ɗan tsiyayar da jini kaɗan kwanaki kafin babbar fashewa, mutum ya ji ciwon kai na ba-zata, ya sha magani ya lafa, ya ɗauka ya wuce. Wani lokaci kuma kumburin da bai fashe ba yakan danne jijiyar da ke motsa ido, sai fatar ido ɗaya ta sauko, mutum ya riƙa ganin abu biyu-biyu, tare da ciwo a bayan idon. Duka biyu gargaɗi ne wanda ke bukatar ganin likita a ranar.

Yadda ake gano shi

Abu na farko da akan yi shi ne ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da na'urar da ake kira siti sikan, wadda aka fara gwadawa a kan majiyyaci a London a shekarar 1971. In an ɗauki hoton cikin sa'o'i 6 na farko, da wuya jinin ya ɓuya. In lokaci ya ja kuma hoton bai nuna kome ba, likita yakan ɗibi ruwan ƙashin baya da allura ya duba ko akwai alamar jini. Bayan haka sai a ɗauki hoton jijiyoyin kansu, a zuba wani ruwa mai kama da rini cikin jini domin su fito sarai. Wani likitan Fotugal, Egas Moniz, shi ya ƙago wannan dabara a shekarar 1927. Hoton yakan nuna inda kumburin yake, da girmansa, da faɗin wuyansa, a kan waɗannan ne kuwa likitoci ke zaɓen hanyar magani.

Dalilin gaggawa shi ne, kumburin da ya fashe ɗan gudan jini ne kawai ya toshe shi, yana kuwa iya sake fashewa, musamman cikin sa'o'i 24 na farko. Fashewa ta biyu ta fi ta farko kisa. Saboda haka likitoci suke ƙoƙarin rufe shi da wuri, in da hali cikin kwana guda.

Hanyar fiɗa

A shekarar 1937 Walter Dandy na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya buɗe ƙoƙon kan wani majiyyaci, ya matse wuyan kumburin da ɗan maƙalli na azurfa, jini ya daina shiga. Wannan ita ce hanyar da aka dogara da ita fiye da shekara 50, aka yi ta kyautata ta, musamman bayan da aka fara aiki da madubi mai ƙara girman abu. Har yanzu ana yin ta, kuma hanya ce mai inganci wadda ta ceci rayuka masu yawa. Sai dai tana bukatar a cire wani yanki na ƙashin kai a mayar, a ɗan ɗaga ƙwaƙwalwa kafin a kai ga jijiyar, jinyarta kuma takan ɗauki lokaci.

Yadda aka samo hanyar cikin jijiya

Jijiyoyin jini a haɗe suke kamar hanyoyin mota, wanda ya shiga ta cinya zai iya bi har ƙwaƙwalwa. A shekarar 1953 wani likitan Suwidin, Sven Seldinger, ya nuna yadda za a shiga jijiya da allura kawai: a soka allura, a zura siririyar waya ta cikinta, a zare allurar, sa'an nan a zura siririyar mesa ta roba bisa wayar. Wannan mesa ita ake kira kateta. A birnin Mosko na ƙasar Rasha, Fedor Serbinenko ya riƙa tura ƙananan balan-balan ta cikin jijiya zuwa ƙwaƙwalwa, ya buga sakamakon aikinsa a 1974. Amma balan-balan ba ta bin siffar kumburin, takan kuma sace.

Wanda ya warware matsalar shi ne Guido Guglielmi, likita ɗan Italiya da ke aiki a Jami'ar Kalifoniya ta Los Anjalis, tare da wani injiniya mai suna Ivan Sepetka. Suka ƙera wata murɗaɗɗiyar waya mai laushi ta ƙarfen filatinam, siririya kamar zaren ɗinki, suka manna ta a bakin wata waya mai tura ta. In ta zauna daidai, sai a saki wutar lantarki kaɗan, mahaɗin ya narke, ta rabu da mai turawa. In ba ta zauna daidai ba, a jawo ta a sake. An fara amfani da ita a jikin mutum a 1990, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka kuma ta amince da ita a 1995.

Yadda ake yin aikin

Ana yin aikin a wani ɗaki na musamman mai na'urar hoto wadda ke nuna jijiyoyi a kan allo yayin da ake aiki. Yawanci akan sa majiyyaci barci domin kada ya motsa. Likita yakan huda babbar jijiyar gindin cinya, ko ta wuyan hannu, hudar ba ta wuce 'yan milimitoci ba. Sai ya tura kateta ta cikin babbar jijiyar ciki da ƙirji har zuwa wuya, yana duban allo. Ta cikin wannan sai ya zura wata ƙaramar kateta wadda kaurinta bai kai milimita 1 ba, ya bi da ita lungu-lungu har bakinta ya shiga cikin kumburin.

Daga nan sai ya fara tura wayar filatinam. Ta farko takan nannaɗe a jikin bangon jakar kamar sheƙar tsuntsu, na bayanta su cika tsakiya, ɗaya bayan ɗaya, har hoto ya nuna rinin ya daina shiga. Jinin da ke tsakanin wayoyin yakan daskare, daga baya sabuwar fatar jijiya ta tsiro bisa ƙofar. Sai a zare kateta, a danne wurin hudar ko a toshe shi. Aikin yakan ɗauki awa 1 zuwa 3. Ba a aske kai, ba a taɓa ƙashi, wayar kuwa a nan za ta zauna har abada, ba ta tsatsa.

In wuyan kumburin yana da faɗi, wayar tana iya zamowa cikin jijiya. A nan akan hura 'yar balan-balan a bakin ƙofar na ɗan lokaci, ko a shimfiɗa wata ragar ƙarfe mai siffar bututu a cikin jijiyar ta tokare wayar. Akwai kuma raga mai ƙananan idanu ƙwarai wadda ke karkatar da jini daga ƙofar kumburin gaba ɗaya, har ya ƙafe a hankali cikin watanni. Irin wannan mai suna Pipeline ta sami amincewa a Amurka a 2011, an fi amfani da ita ga manyan kumburi. Wata kuma mai suna WEB, mai kama da ɗan kwando, cikin jakar ake ajiye ta, an amince da ita a can a 2018.

Wace hanya ce ta fi?

An yi wani babban gwaji wanda likitocin Oxford a Ingila suka jagoranta, aka buga sakamakonsa a mujallar Lancet a shekarar 2002. An ɗauki majiyyata 2,143 waɗanda kumburinsu ya fashe, kuma ya dace da kowace daga hanyoyin biyu, aka raba su ta hanyar ƙuri'a. Bayan shekara guda, cikin kowane 100 da aka yi wa fiɗa, wajen 31 sun rasu ko sun kasa kula da kansu, cikin waɗanda aka sa wa waya kuwa wajen 24. Tun daga nan hanyar waya ta zama ta farko a asibitoci da yawa na duniya.

Duk da haka akwai inda fiɗa ta fi dacewa, misali in jini ya taru ya yi gudan da ke danne ƙwaƙwalwa har sai an kwashe shi, ko in wani reshen jijiya ya fito daga jikin kumburin. Maƙallin ƙarfe kuma ya fi ɗorewa, saboda haka akan duba shi ga mai ƙananan shekaru. Wanda likita ya ba shawarar fiɗa kada ya ɗauka an rage masa wani abu.

Haɗari da jinya

Hanyar cikin jijiya tana da nata haɗari. Kumburin yana iya fashewa ana cikin aiki, gudan jini yana iya toshe wani reshe ya jawo shanyewar ɓarin jiki, wurin hudar yana iya tara jini, rinin kuma yana iya wahalar da ƙoda mai rauni. Waɗannan ba su da yawa, amma hakkin majiyyaci ne da danginsa a bayyana musu su kafin a sa hannu. Bayan haka, wayar takan takure da daɗewa. Wajen kumburi 1 cikin 5 yakan ɗan sake buɗewa, wajen 1 cikin 10 kuma yakan bukaci a ƙara aiki. Don haka ne akan ce majiyyaci ya komo a ɗauki hoto bayan kamar wata 6, da kuma bayan haka. Wanda aka sa wa raga dole ne ya sha magungunan hana jini daskarewa, irin su asfirin da kulofidogirel, na tsawon lokacin da likita ya faɗa. Daina su da gangan yana iya toshe ragar.

Wanda aka yi wa aiki kafin kumburinsa ya fashe yakan koma gida cikin kwana ɗaya ko biyu. Wanda nasa ya fashe kuwa yakan yi mako biyu zuwa uku a asibiti, domin jinin da ya riga ya zuba yana sa jijiyoyi su tsuke, musamman tsakanin kwana na 4 da na 14. Akan ba shi maganin nimodifin na kwana 21 don kare ƙwaƙwalwa. Wani lokaci ruwa yakan taru a kai har a sa bututu a janye shi. Dangi su yi haƙuri, kada su nemi sallama don sun ga ya buɗe ido yana magana. Gajiya, da mantuwa, da saurin fushi sukan daɗe watanni, kuma sukan ragu a hankali.

Ba kowane kumburin da aka gani a hoto ake taɓawa ba. In ƙarami ne, a wurin da ba ya yawan fashewa, likita yana iya cewa a bar shi ana dubawa, a sauko da hawan jini, a bar taba.

Halin da ake ciki a Nijeriya

Aikin tiyatar ƙwaƙwalwa ya kafu a ƙasar nan tun 1962, sa'ad da Farfesa Latunde Odeku ya buɗe sashensa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan. A yau akwai likitocin wannan fanni a asibitocin koyarwa na Zariya, da Kano, da Sakkwato, da Legas, da Asibitin Ƙasa na Abuja, da waɗansunsu. Amma wuraren da ke da na'ura da ƙwararrun yin aikin cikin jijiya kaɗan ne, kayan aikin daga waje ake kawo su, suna kuma da tsada. Saboda haka hanya mafi sauri ita ce a kai majiyyaci babban asibiti mafi kusa, a nemi takardar turawa zuwa inda ake da likitan ƙwaƙwalwa, shi ne zai faɗi abin da ya dace da inda za a same shi. Ana kuma jan hankalin magidanta su yi wa iyalinsu rajistar inshorar lafiya ƙarƙashin dokar 2022, su tambayi abin da ta ƙunsa tun ana lafiya.

Abin da ake so jama'a su kiyaye

1. Ciwon kai mai tsanani da ya sauko farat ɗaya, a tafi asibiti nan take, ko da dare ne, ko da ya lafa.

2. Kada a tsaya wajen kemis, ko ƙaho da tsaga, ko hayaƙi. Addu'a ba ta hana tafiya asibiti, ana iya yin ta a hanya.

3. Kada a ba shi asfirin ko danginsa, domin suna ƙara zubar jini.

4. In ya suma, a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa ruwa ko abinci.

5. A riƙe lokacin da ciwon ya fara, da magungunan da yake sha, a gaya wa likita.

6. Kowane baligi ya riƙa auna jininsa. In awo ya tsaya a 140 bisa 90 ko fiye, ya ga likita, kuma kada ya daina magani don ya ji sauƙi.

7. A rage gishiri da dunƙule a miya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya ci fiye da giram 5 a rana, watau kimanin ƙaramin cokali guda.

8. Mai shan taba ya daina, mai shan giya ya bari.

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Ana roƙon sarakuna, da malaman addini, da malaman makaranta, da ma'aikatan lafiya na karkara su isar da wannan bayani ga jama'arsu, wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa wanda bai iya ba.